Ranar da Inna Ta Kushe Ɗan Farinta a Ƙwanni

Yayana ɗan alkafura ne. Na daɗe kafin in iya faɗin haka ban rage murya ba, domin a Malbaza in an tambayi sana'ar namiji, abin da ake jiran ji shi ne direban motar siminti, ko ma'aikacin gidan siminti, ko dai manomi mai zuwa cin rani. Shi kuwa tun yana ƙarami ƙafafunsa ba su son ƙasa. In aka aike shi sayen magi sai ya tafi da hannuwa, ƙafafu a sama, kuɗin a baki. Da ya tasa ya bi samarin Tajaye, garin su Innarmu, zuwa cin rani bakin teku. Damina ta faɗi, kowa ya dawo gona, shi shiru. Ashe ya gamu da wasu 'yan Gine masu wasan alkafura da hawan juna, sun ga abin da yake iya yi da jikinsa, sun riƙe shi. Daga nan sai dai in ga bidiyo ya shigo wayata, in kalla da ido ɗaya, in goge. Ban taɓa nuna wa Inna ko guda ba.

Shi ne ɗan farinta, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ta ga dama ta ce "wanki", yadda ake faɗinsa a garinsu. In ya kira waya ba ta karɓa. Sai ta zo ta zauna kusa da ni tana tsince wake, kunnenta na kan wayar, in na ajiye ta ce, "Halan dai yana cin abinci?" Matan zamaninta haka suka taso, kunyar ɗan fari ta fi ƙarfin bakinsu.

Bayan wannan kunya, Inna tana da tsoron baki irin wanda ban taɓa gani wurin kowa ba. Ta yarda har cikin ranta cewa in mutum ya yaba abu bai ce tubarkalla ba, to ya harbe shi, ko da bai yi nufi ba. Kambun baka ke nan. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa cewa akuyarmu ta yi ƙiba, kafin magariba Inna ta mai da akuyar bayan ɗaki ta shafe ta da toka. Shekarar da na ci jarrabawar zama malamar lakwal, wato makarantar boko, ta bi gida-gida tana cewa da ƙyar na haye, tausayina aka ji. Na yi kuka na yi fushi, sai daga baya na gane cewa duk abin da Inna take so, kushe shi take yi a gaban mutane don baki ya wuce shi. Mu 'yan gida mun saba, har tsokanarta muke yi.

Wata babbar salla Yaya ya kira ni ya ce suna Ƙwanni. Wani gidan shaƙatawa a bayan gari ya ɗauko su su yi wa baƙin salla wasa.

"Ki taho ke ɗai," ya ce. "Kada ki hwaɗa ma Inna. In munka ƙare ni da kaina zan zaka gida in gaishe ta."

Na riƙe bakina, amma a Malbaza magana ba ta kwana. Wani direba ya ga hoton Yaya manne a tashar Ƙwanni, ya dawo ya faɗa wa matarsa, matar ta zo kawo mana naman salla. Da safe na fito da jakata na tarar da Inna a ƙofar gida, ta yafa mayafinta na zuwa biki, carbi a hannu.

"Mu tahi," ta ce.

"Ina, Inna?"

"Inda za ki."

Na yi ta kiran Yaya in gaya masa, wayar a kashe. A cikin motar haya ma na ci gaba da gwadawa har muka shiga Ƙwanni, ban same shi ba. Inna kuwa carbinta kawai take ja duk hanyar.

Gidan shaƙatawar katanga ce doguwa, ciki mangwarori da dogon yaro, da ɗakuna masu rufin shuci an shafe su da farin fenti. A tsakiya akwai wurin wanka mai shuɗin ruwa, yara na ta faɗawa ciki suna ihu. Wurin ya cika. Ga ma'aikata daga Tawa da iyalinsu, ga 'yan kasuwar Ƙwanni, ga mutanen Sakkwato da suka ƙetaro iyaka yin hutun salla. Ƙamshin gasasshen nama ko'ina, shirwa na ta shawagi a sama saboda shi. Ni ba wannan na duba ba. Filin da za a yi wasan na duba, a gefen ruwan, na ga daɓen siminti ne, an shimfiɗa masa wata 'yar tabarmar roba da ba ta kai kaurin tafin hannuna ba. Ni 'yar Malbaza ce, na san abin da siminti yake yi wa ƙashi.

Muka sami kujerun roba bayan la'asar. A gabanmu wani ƙaton Alhaji ne mai fataucin albasa, na san haka ne domin kafin a fara wasa ya gaya wa duk wanda ke kusa da shi, da muryar da ba ta bukatar lasifika. A damanmu wata Hajiya 'yar Sakkwato da 'ya'yanta mata, kowace ta ɗaga waya. A bayanmu samari biyu masu gardama.

Ganguna suka tashi, 'yan wasan suka shigo da gudu suna juyi a iska, ɗaya na ƙetare ɗaya. Suka hau kafaɗun juna har suka yi tsini. Wata yarinya ta lanƙwashe ta leƙo mu ta tsakanin ƙafafunta tana murmushi. Nan fa kowa ya zama masani.

"Waɗanga ba su da ƙashi," in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Suna da shi. Tun suna jinjirai aka shafa masu man mesa, shi ka sa gaɓoɓi su yi taushi."

"Wane man mesa? Aljannu ka riƙe su. Kai ba ka ga layar da ke hannun wancan ba?"

Wani mai tabarau can gefe ya ce horo ne kawai, ba wani asiri, aka yi masa caa kamar ya zagi wani. Hajiya ta ce ita yarinyar nan take tausayi, wa zai auri mace mai naɗewa haka. Na saci kallon Inna. In ana maganar aljannu da man mesa sai in ga kafaɗunta sun sauka, hankalinta kwance. Da wani ya ce "Kai, sun iya!" sai carbin ya tsaya, leɓunanta su motsa, tana cika masa tubarkallar da bai faɗa ba.

Sai ga Yaya. Ya aske kansa ƙwal, ya rame ya yi tsawo, jan wando a jikinsa, ba riga. Shekaru ban gan shi ido da ido ba, hawaye suka cika mini ido. Inna ta dube shi sau guda ta mai da idonta kan yatsun ƙafarta. Ya yi gudu ya tashi sama ya juya, ya sake juyawa kafin ya dira, wuri ya ɗauki sowa.

"Wai! Wanga yaro da kyawo shike," in ji Hajiya. "Ku dubi ƙirji, ku dubi tsawo!"

Na jira ta ƙarasa da tubarkalla, ba ta ƙarasa ba. Na ji Inna ta gyara zama.

"Wane kyawo?" ta ce, da ƙarfi yadda layinmu duka zai ji. "Ƙahwahu kamar na zalɓe. Wanga ko abinci ba ya samu."

Hajiya ta juyo ta dube ta, ta yi dariya ta ƙyale. Yaya ya tsaya da hannu ɗaya a kan wani ƙato, Alhaji ya buga cinyarsa ya ce duk cikinsu wannan ne gwani.

"Gwanin mi?" in ji Inna. "Yaran unguwarmu na yin hiye da haka bisa yashi. Dubi yadda hannu nai ka rawa."

Hannunsa kuwa ba ya rawa. Haka aka ci gaba. Duk wanda ya yaba, Inna ta bi bayansa ta rushe. Ta ce kansa kamar ƙwarya, ta ce wandon aro ne, ta ce ɗan banza ne wanda ya ƙi noma. Samarin bayanmu suka bar gardamarsu suka koma yi mata dariya, suna cewa tsohuwa ta zo da nata wasan. Ni na san abin da take yi. Ita kaɗai ta tsaya tana tare bakin mutum ɗari da nata bakin, gumi na bin wuyanta, kuma na ga tsoron da ke idonta ya fi nawa.

Hajiya dai ta gaji.

"Haba Baba, mi yaron ga ya yi miki? In ba ki yabawa ki yi kurum mana. Wallahi da uwatai na nan da kin ji ba daɗi."

"Uwatai ta san abin da ta haihwa," in ji Inna.

Na buɗe baki in ce wa Hajiya ai ga uwar tasa nan, Inna ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. Na haɗiye maganata.

Daga nan aka fito da tebur, aka dasa kwalabe a kansa, aka ɗora kujerar katako a kan bakin kwalaben, ƙafa ɗaya kwalba ɗaya. Wannan ne wasan da nake gogewa a wayata tun kafin ya kai ƙarshe. Yaya ya hau kujerar. Aka miƙa masa wata ya ɗora a kan ta farko, ya haye, ya kifa kai ƙasa ya miƙe ƙafafu sama, ya sauko ya karɓi wata. Da ya yi nisa sai da doguwar sanda mai ƙugiya ake miƙa masa. Ban ƙirga kujerun ba, ba ni da zuciyar ƙirgawa. Na dai ga ya wuce rufin ɗakunan, ya yi daidai da kan mangwaro, kuma duk lokacin da ya motsa sai tsinin kujerun nan ya yi ɗan lilo ya dawo. Abokansa biyu suka tsaya a ƙasa, hannuwa a buɗe, kai a sama.

Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya yi magana da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshe, yana roƙon kowa ya yi shiru, ban da guɗa, ban da tafi, ban da tasowa yin liƙi sai yaro ya sauko. Ganguna suka tsaya. Yaran cikin ruwa ma suka yi tsit. Na ji fitsari ya kama ni, na ƙanƙame hannun kujera ina karanto duk abin da ya zo bakina, rabi addu'ar cin abinci ce ma. Yaya ya karkata kujerar ƙarshe ya dasa ta a kan ƙafa biyu. Ya dafa ta. A hankali ƙafafunsa suka bar katako suka miƙe sama, sannan ya fara janye hannu ɗaya.

Cikin wannan shirun Alhaji mai albasa ya ga ya dace ya faɗi ra'ayinsa.

"Wallahi wanga yaro ba ya hwaɗuwa! Ko tura shi anka yi ba ya hwaɗuwa! Ban taɓa ganin irinai ba!"

Ban san lokacin da Inna ta tashi ba. Na dai ga kujerarta ta kife, ta sha gaban Alhaji ta cafki wuyan babbar rigarsa da hannu biyu, tsohuwar da ba ta kai kafaɗarsa ba, ta ƙwala ihun da ban taɓa jin irinsa daga gare ta ba.

"Ka ce tubarkalla! Ka ce! Ɗana na! Ɗana na!"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta ce masa ɗanta ba sai ran nan, a gaban mutanen garuruwa uku. Kowa ya juya wajenta. Ni kuwa na mai da idona sama, shi ya sa na ga abin da ya faru. Yaya, kansa a ƙasa, ya waiwayo. Ɗan waiwaye ne kaɗan, irin wanda mutum yake yi in an kira shi a kasuwa. Kujerar da ke ƙarƙashin hannunsa ta goce.

Kujerun suka watse kamar an zubar da itace. Na ga jan wandon nan yana tahowa, na ga abokansa sun yi tsalle sun tare shi, ya bugi kafaɗar ɗaya suka zube tare, sannan na ji ƙarar da har yau in buhun siminti ya faɗo daga mota sai gabana ya faɗi. Kwalba ta fashe. Wuri ya ɗauki salati. Inna ba ta ga komai ba, ta ba filin baya, hannunta na wuyan Alhaji, shi kuma idanu waje yana ta "tubarkalla, tubarkalla, masha Allahu," bayan mai aukuwa ta auku.

Ban san yadda na ƙetare kujerun mutane ba. Na same shi kwance a gefensa, ido rufe, jini a goshi, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na kira shi, na sake kira, shiru. Na ce shi ke nan, Yaya ya tafi a gabana. Sai ya ja wani dogon numfashi ya yi nishi, ni kuwa na zauna daɓas a kan fasassun kwalabe ban ji ba.

Aka ɗauke shi zuwa mota. Inna na gaba tana bin masu ɗaukarsa, mayafinta ya faɗi ba ta sani ba, ni na tsinto shi ina biye. Hanyar fita cike da mutane, kuma har a lokacin ba wanda ya rasa abin cewa. Wata ta ce bakin Alhajin nan ne, ita ma ta ji lokacin da ya faɗa gabanta ya faɗi. Wani ya ce asirin ne ya karye, wataƙila yaron ya ci abin da aka hana shi. Mai tabarau ya ce iska ce ta taso. Hajiya 'yar Sakkwato tana kuka tana cewa ashe uwarsa ce, ashe uwarsa ce. Sai na ji ɗaya daga cikin samarin nan yana ce wa abokinsa, "Ihun tsohuwar ga na ya hirgita shi, ni na gani." Na juya na dube shi, na ce in ya sake faɗa sai na cusa masa mayafin nan a baki. Na duba gaba, Inna ta yi nisa, ba ta ji ba.

A gidan likita aka ɗinke goshin, aka ɗaure hannun tun daga yatsu har kafaɗa. Likitan ya ce kai lafiya, baya lafiya, mu gode Allah da waɗanda suka tare shi. Da na tambaye shi ko hannun zai koma ɗaukar nauyin jiki kamar da, sai ya ce mu bari ya warke tukuna, ya kau da kai. Inna tana waje a baranda. Da ta ji an ce yana raye kunyarta ta dawo, ta ƙi shiga.

Na zauna a bakin gadon. Yaya ya buɗe ido ya daɗe yana kallona.

"Muryar Inna na ji?"

Na ce ita ce. Na gaya masa yadda ta biyo ni, da yadda na yi ta neman wayarsa.

"Ina can bisa na ji ta ce ɗanta," ya ce. "Na ce ko mahwalki nika yi. Na juya in gan ta."

Ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefen kunnensa. Can ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya matse.

"Ta san na juya?"

"Ba ta gani ba, Yaya. Ta ba ka baya."

"To kada ki hwaɗa mata. Ko bayan raina."

Ana kiran magariba Inna ta shigo. Ba ta dubi gadon ba. Ta tsaya daga ƙofa tana kallon bango, ta yi magana da ni kamar yadda ta saba in tana son ya ji.

"Tun da munka zamna na ji bakin mutumen ga ba na alheri ba na. Na tare na kowa, shi na bari har ya ƙare magana." "Ni na yi jinkiri. Da na tashi da wuri, da na yi mai ihu tun kahin, da wancan bai hwaɗo ba."

Na sunkuyar da kai, domin na san in ta dubi fuskata za ta karanta. Sai na ji gadon ya motsa, Yaya yana ƙoƙarin ɗago kai ya gan ta.

"Bakinai na, Inna," ya ce. "Tun ina bisa na ji ya sare ni. Ba don kin sa shi ya ce tubarkalla ba, da tsakar kai zan sauka."